Gidan Gajiyayyu da Haƙƙin Maƙwabta

Tun lokacin da fitinar 'yan bindiga ta game arewacin Jihar Zamfara, har ta kai ga a watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, garin Ƙauran Namoda, wanda ya saba da baƙi tun 1929 da titin jirgin ƙasa daga Zariya ya tuƙe a cikinsa, yake ta karɓar wasu irin baƙi waɗanda ba fatauci ya kawo su ba. Daga ƙauyukan ƙasar Zurmi da ta Shinkafi suka fito, kuma mafi ban tausayi a cikinsu su ne tsofaffi, domin saurayi yana iya zarcewa Gusau ko Kano ya yi dako ko acaɓa, amma dattijon da ya baro gonarsa da rumbunsa, da gyatumar da aka kashe mata ɗan da ke ciyar da ita, iyakarsu zauren wani ko kangon da mai shi bai gama ginawa ba.

Duk sa'ad da aka tayar da zancen inda za a sa su, abin da ke fara zuwa bakin masu shawara shi ne a gina ƙaton gida guda mai ɗakuna birjik, a tara su ciki, kuma nan take sai a ji mutanen unguwa sun fara gunaguni. Mu a namu ganin, bai kamata a yi gaggawar kiran wannan gunaguni rowa ko ƙarancin imani ba, domin galibin abin da suke faɗa gaskiya ne. Tsoho a ƙasar nan ba ya tafiya shi kaɗai. Jikokinsa marayu suna biye da shi, ta yadda ɗakin da aka ƙiyasta wa mutum guda, kafin damina ta zagayo ya zama na iyali sukutum. To, rijiyar da ba ta ishi 'yan unguwa ba da bazara, yaya za ta ishi ninkinsu? Ina masai, ina magudanar ruwa? Wanda ya ga ɓarnar da amai da gudawa suka yi a daminar 2021, ba za a zarge shi ba in ya yi wannan tambaya.

Akwai dai wata magana da ba mu yarda da ita ba ko kaɗan, wato raɗe-raɗin cewa tara 'yan gudun hijira zai shigo da masu kai wa 'yan bindiga labari. Wannan zato ne, kuma zalunci ne a ɗora shi a kan wanda fitinar ta raba da gidansa, alhali Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa da matafiyi cikin waɗanda aka wajabta a kyautata musu.

Abin da muke ganin ya fi dacewa da maslaha shi ne a bar tunanin ƙaton gini a bayan gari, balle mai bene, wanda mai ciwon gwiwa ba zai iya hawa ba. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a birnin Kano yana da amfaninsa ga wanda ba shi da kowa, amma dattawan nan suna da dangi, matsuguni suka rasa. A gina musu ƙananan gidaje na ƙasa, a rarraba cikin unguwanni, kusa da masallaci da asibiti, yadda tsoho zai sami jam'i ba tare da an goya shi ba; kuma a haƙa rijiyar burtsatse tun kafin a aza tubalin farko, 'yan unguwa su riga baƙin shan ruwanta.

Jihar Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi, kuma wannan aiki nata ne tun asali, sai dai ba za ta iya shi ita kaɗai ba. Muna kira ga Mai Martaba Sarkin Kiyawan Ƙauran Namoda da takwarorinsa na Zurmi da Shinkafi da su tara masu unguwanni da limamai, a ji ta bakinsu kafin a zaɓi fili, attajirai kuma su ba da filayen a matsayin wakafi.