Abin Da Ya Faru A Waco, Da Amfanin Ɗan Sanda Mai Haƙuri

Idan mai bindiga ya kulle kansa cikin gida tare da mata da yara, yawancinmu abin da muke so mu ji shi ne 'yan sanda sun fasa ƙofa sun gama da shi. Wanda ya tsaya yana lallashinsa ta waya kuwa, sai a ce matsoraci ne. Ni ban yarda da wannan ba. A ganina ɗan sandan da ya iya riƙe waya awa ashirin yana sauraron mugu ya fi ceton rai a kan wanda ya iya harbi, kuma akwai tarihi da ya nuna haka.

A watan Satumba na 1972, lokacin wasannin Olamfik a birnin Munich na Jamus, 'yan ƙungiyar Black September suka kama 'yan wasan Isra'ila. 'Yan sandan Jamus suka yi musu kwanton ɓauna a filin jirgin sama, abin ya lalace. Mutanen Isra'ila 11 suka mutu, tara daga cikinsu a wurin ceton. Wannan ne ya farkar da 'yan sandan New York a Amurka. Suna da wani ɗan sanda, Harvey Schlossberg, wanda ya yi karatu mai zurfi a kan halayyar ɗan Adam, shi da Frank Bolz suka kafa rukunin masu sulhu a 1973. Koyarwarsu ba ta da wuya: a kewaye wurin, a hana harbi, a yi ta magana, a bar lokaci ya yi aikinsa. Fushi yakan huce, yunwa da barci sukan zo, mutumin da aka saurare shi kuma yakan fara sauraro.

Amma labarin da ya fi shafarmu mu masu bi shi ne na Waco, a jihar Texas, a 1993. Can akwai wata ƙungiya mai suna Branch Davidian, wadda ta samo asali daga ɓaraka a cikin ikilisiyar Seventh-day Adventist, shugabanta David Koresh. Ba na kāre mutumin nan. Ya tara makamai, ya mai da matan mabiyansa nasa, har da 'yan mata ƙanana. Ran 28 ga Fabrairu jami'an gwamnati suka kai sumame, aka yi musayar wuta, jami'ai 4 da 'yan ƙungiya 6 suka mutu. Daga nan hukumar FBI ta kewaye gidan har kwana 51.

Masu sulhu, ƙarƙashin Gary Noesner, suka kama magana. Ta hanyar magana kaɗai aka fito da mutum 35, yara 21 a cikinsu, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. To amma a waje akwai wani rukuni na masu ɗamarar yaƙi, kuma ba su jitu da masu sulhun ba. Su Noesner za su yi alkawari, a sako mutane, sai su kuma su yanke wutar lantarki, su haska gidan da manyan fitilu, su kunna ƙara duk dare, su tattake motocin mutanen da tankoki. Wa zai miƙa ɗansa ga wanda ke yi masa haka? Bayan 23 ga Maris ba wani ɗan ƙungiyar da ya sake fitowa ta hanyar sulhu.

Ga inda abin ya fi ba ni baƙin ciki. Koresh ba kuɗi ya nema ba, ba jirgi ba. Maganarsa kullum a kan hatimi bakwai ɗin nan ne na littafin Ru'ya ta Yohanna, yana ganin shi ne aka ba ikon buɗe su. Shugabannin jami'an suka ɗauki wannan a matsayin surutun banza. Wasu malaman Littafi Mai Tsarki biyu, James Tabor da Phillip Arnold, suka gane cewa mutumin yana karanta halin da yake ciki a cikin littafin ne, yana ganin tankokin nan cikar annabci ne. Suka yi magana ta rediyo, suna nuna masa daga littafin da ya dogara gare shi cewa ba lalle ne ƙarshe ya zo ba tukuna. Ran 14 ga Afrilu Koresh ya aiko da wasiƙa cewa zai fito idan ya gama rubuta bayaninsa a kan hatiman. Kwana biyar bayan haka aka tura tankoki da hayaƙi mai sa hawaye. Gobara ta tashi, mutum 76 suka mutu, fiye da yara 20 a cikinsu.

Wani zai ce ai Koresh maƙaryaci ne. Gaskiya ne. Ran 2 ga Maris ya yi alkawarin fita idan an sa wa'azinsa a rediyo, aka sa, sai ya ce Allah ya ce masa ya dakata. Binciken John Danforth na shekara ta 2000 kuma ya ce 'yan ƙungiyar ne suka kunna wutar da kansu. Duk na amince. Amma me za a rasa da an ƙara mako biyu? Gajiyar jami'ai da kuɗin gwamnati ke nan. Yaran nan ba su yi wa kowa ƙarya ba.

Halinmu a Arewa ya bambanta, domin masu garkuwa da mutane a daji suke, ba a gidan da za a iya kewayewa ba. A watan Yuli na 2021 aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna, aka yi ta sako su kashi-kashi cikin watanni. A irin wannan hali sau da yawa uba ne, ko kawu, ko fasto, yake riƙe da waya, hannu na rawa, ba wanda ya taɓa koya masa abin da zai faɗa da abin da zai yi shiru a kai. Wanda ɗansa ke hannun mugu ba shi ne ya kamata ya yi ciniki ba, don ko me aka ce zai ce to.

Saboda haka abin da nake roƙo biyu ne. Kowace rundunar 'yan sanda ta jiha ta sami horarrun masu sulhu da ke jin Hausa da Fulatanci da harsunan yankin, kuma a ba maganarsu nauyi daidai da ta masu bindiga, kada a maimaita abin da aka yi wa su Noesner. Na biyu kuma namu ne. Idan mai riƙe da mutane yana magana da harshen addini, a kira fasto ko malamin da ya san littafin ya zauna kusa da mai sulhu yana fassara masa. Wayar dai ta zauna a hannun wanda aka horar, domin mu masu wa'azi mun saba da gardama, kuma ba a kira mu wurin don mu ci nasarar muhawara ba.