A Bar Yaro Ya Yi wa Dodo Dariya

A Kuseri, kamar a Kano ko Maraɗi, babu ƙazafin da ya kai "gidan wane mayu ne" saurin rusa gida. Ba a neman auren 'yarsu, ba a cin tuwon da suka aiko, in zazzaɓi ya kama yaro a unguwa sai idanu su koma ƙofarsu. Da yake mutane sun ɗauka maita gadonta ake yi, jinjirin gidan ma bai tsira ba. A Kamaru kuwa maganar ta wuce bakin mutane ta shiga kotu, domin sashe na 251 na dokar hukunta laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga wanda aka kama da tsafi ko sihirin da zai cuci wani ko ya ta da hankalin jama'a. Saboda haka ban ga laifin uban da gabansa ya faɗi ba, ranar da ɗansa ya shigo da littafin Faransanci mai hoton mujiya da sandar tsafi, yana karantawa yana ƙyaƙyata dariya. Sai dai ina ganin ba a nan maƙiyinsa yake ba.

Mu ɗauki wanda ya fi shahara, Harry Potter na J. K. Rowling, da ya fito a Ingila a 1997, aka fassara shi zuwa Faransanci a 1998. In ka zauna da yaron da ya karanta shi, da wuya ya daɗe a kan mugun matsafin labarin. Gidan Weasley zai kai ka. 'Ya'ya bakwai, uba ƙaramin ma'aikacin gwamnati da albashinsa ba ya kai wata, uwa mai faɗa mai ciyar da duk wanda ya shigo. Kowa a gidan yana da sihiri, amma ƙaramin cikin mazan da sandar yayansa ya tafi makaranta, har ɓeran da yake kiwo na gado ne. Uban ya iya sa mota ta tashi sama, amma kayan lantarki na mutanen gari su ne abin al'ajabi a wurinsa, yana tara su a ɓoye kar uwargida ta gani. Da ƙaramin nan ya saci motar, uwar ta aiko masa da wasiƙar da ke buɗe baki ta zazzaga masa masifa a gaban ɗaliban makaranta duka. Wane yaro ne a Kuseri bai san wannan uwar ba? Wane ƙane ne bai gaji wandon yayansa ba?

Abin da ke jan yara ke nan. Yaro shi ne mafi rauni a gida: a aike shi, a hana shi, a ce ya yi shiru manya na magana. Sai ga littafi ya nuna masa manyan da ke iya ɓacewa su bayyana a wani gari, amma sun kasa hana tagwayensu tsokana, sun kasa ƙirƙiro kuɗin littattafan makaranta. Darasin da ke ciki ya fi wa'azi da yawa shiga: ko me ka mallaka, sai ka yi haƙuri da 'yan uwanka, sai ka wanke kwano, sai ka nemi gafara in ka yi laifi. Sihirin ado ne kawai, zaman gida ake bayar da labari.

Mu kuma ba baƙin wannan ba ne. Kafin a haifi kakannin Rowling muna da Gizo da Ƙoƙi, miji mai kwaɗayi da tsamin baki da matar da ta gaji da halinsa. Gizo ya ari fukafukan tsuntsaye ya tashi, ya haɗa giwa da dorina jan igiya kowacce na zaton da shi take ja, amma ƙarshenta cikinsa ke kai shi ƙasa. Kakanninmu mata da ba sa wasa da salla su suka riƙa ba mu waɗannan labarai bayan isha'i, ba wadda ta ji imaninta ya girgiza. Da aka zo zamanin boko, gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗan gidan malamai. Akwai aljannu a ciki, akwai ruwan da ke warkar da cutar da ta gagari kowa, amma abin da ya zauna a zukatan masu karatu shi ne tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke shirya wa juna. Magana Jari Ce ma aku ne ke riƙe da zaren labarin. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. An karantar da waɗannan a makarantu shekara da shekaru, ba mu ji sun yaye boka ko ɗaya ba.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba wasa ba ne. Sihiri na cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, Suratul Baƙara ta yi gargaɗi a kansa. Amma sihirin da aka hana shi ne wanda ake zuwa wurin mai shi da dare, a kai baƙin zakara, a nemi raba mata da miji. Boka yana sayar da ƙarya ne da sunan gaskiya. Mai tatsuniya kuwa tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" ya sanar da kai ƙarya zai yi, a ƙarshe ma ya sake tuna maka. Yaro ɗan shekara bakwai ya san bambancin nan sarai. Manya ne ke ruɗewa.

Kuma manya ne ke cutarwa. Jita-jitar shafi mulera da kan ɓulla lokaci zuwa lokaci a kasuwannin Najeriya da Kamaru, har a yi wa baƙo dukan kawo wuƙa don ya miƙa hannu a gaisa, ba daga littafin yara ta fito ba. Finafinan da ke yawo a wayoyi, inda kishiya ke zuwa gidan boka asiri kuma ya ci, su ne ke koya wa yaro cewa duk rashin lafiya hannun wani ne. Waɗannan ake kallo a tsakar gida da yara a gefe, ba mai cewa uffan. Gwada su da Kirikou, fim ɗin zane na Michel Ocelot na 1998 da yaran ƙasashen Faransanci suka sani. Ƙauye duka na tsoron matsafiya Karaba, jinjiri Kirikou kaɗai ya tambayi dalilin muguntarta, sai aka tarar ƙaya ce aka soka mata a gadon baya. Yaron da ya tashi da irin wannan tambaya, ya saba yi wa dodo dariya, zai yi nauyin hannu ranar da aka ce a jefi tsohuwar bayan layi.

Ban ce kowane littafi ya dace ba. Akwai masu ban tsoron da ke hana barci, ko Harry Potter ɗin kansa na gaba-gaba sun yi duhu, ba na ƙananan yara ba ne. Uba ya leƙa kafin ya bari, in ba ya jin Faransanci ya sa yaron ya ba shi labarin da Hausa. Ya ci riba biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron Kuseri ba shi da irin wannan littafi da harshensa. A aji Faransanci, a kasuwa Larabcin Shuwa, a gida Hausa, amma Hausar ta kunne ce kawai. Hanyar Maiduguri zuwa Gamboru da Fotokol, wadda kayan Kano ke bi su iso, ta sha wuya tun 2014 saboda Boko Haram. Yaran nan sun ga rikicin Disamban 2021 da ya sa dubban mutane tsallaka kogi zuwa Cadi, sun ga ambaliyar 2022 ta shiga unguwanni. In akwai yaran da suka cancanci a ba su dariya, su ne.

Kayan aikin ma a ƙofar gida suke. 'Yan ƙabilar Kotoko na cewa su jikokin Sao ne, ƙattin da labari ya ce mafaraucinsu kan saɓo giwa a kafaɗa, muryarsu kuma daga gari zuwa gari ake jin ta. Wani malamin firamare ko ɗalibin jami'ar Marwa ya zauna ya rubuta mana gida guda na Sao da suka rage a Kuseri: uban da jami'an kwastan suka rasa takardar da za su cika masa a gadar Ngeli saboda taku ɗaya ya tsallake kogin Logon, uwar da in ta kira yara cin abinci sai mutanen Injamena su wanke hannu, da autansu da aka haifa ɗan mitsitsi kamar kowa, dangi na ta jajanta wa juna. Shafi arba'in da zane ya isa, a buga da Hausa a gefe ɗaya, Faransanci a ɗaya gefen, yadda shugaban makaranta ba zai sami hujjar hana shi shiga aji ba.