Wa zai koya wa malamin jami'a koyarwa?

Kwanakin baya wani mai sana'ar albasa a kasuwar Bawku ya bugo mana waya a gidan rediyo yana ƙorafi. Ya ce ya sayar da buhunan da ya ajiye ya biya wa ɗansa kuɗin jami'a, ga shi yaron ya faɗi darasi biyu, kuma da ya tsare shi sai ya ce wallahi ba ya gane abin da malamin yake faɗa. Uban ya ɗauka ragganci ne. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na zauna da wani matashi ɗan zangonmu da bai daɗe da fara koyarwa a wata jami'a ba. Ya ce mini ranar da ya kai takardar kama aiki aka miƙa masa sunan darasi da lambar aji, kuma kafin mako ya zagayo yana tsaye gaban ɗaruruwan ɗalibai, babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake tsara darasi ko yadda ake fitar da tambayoyin jarrabawa.

To, a nan gizo yake saƙa. Malamin firamare sai ya shiga kwalejin horon malamai, irin ta Gbewaa da ke Pusiga ko ta Bagabaga da ke Tamale, ya koyi dabarun koyarwa, ya fita gwaji a makaranta, kuma a 2018 har jarrabawar lasisi aka ƙara masa. Amma malamin jami'a, abin da aka fi dubawa wajen ɗaukarsa shi ne digirinsa na biyu ko na uku. Digiri shaida ce ta cewa mutum ya san fanninsa. Sanin abu daban, iya sanar da wani daban.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. A zamanin da fataken goro suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga, ba a damƙa ayari a hannun mutum don kawai ya san farashin goro. Sai ya yi shekaru yana bin madugu, ya san mashaya da zango da yadda ake magana da masu ƙasa. Har gobe babu mai ba yaron shago makulli ran da ya zo. Haka malamanmu na zaure, irin su Alhaji Umaru wanda ya zo Salaga daga ƙasar Hausa, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin 1892, ya rasu a 1934: a tsarinsu almajiri yakan daɗe a gaban malaminsa, ya riƙa biya wa ƙanana karatu malam yana sauraro yana gyara, kafin a ba shi izini ya buɗe tasa makarantar.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne yadda manyan makarantu suka yawaita a arewacin Gana. A 1992 aka kafa jami'ar UDS a Tamale, ta fara ɗaukar ɗalibai a Nyankpala a 1993. A 2019 majalisa ta amince rassanta na Wa da Navrongo su zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Kwalejojin fasaha na Tamale da Bolgatanga da Wa su ma an ɗaga su zuwa jami'o'i. Kazalika a 2017 aka soma karatun sakandare kyauta, waɗanda suka fara cin gajiyarsa suka fito a 2020 suna neman gurbi. Duk wannan abin farin ciki ne, amma kowace sabuwar jami'a sababbin malamai take nema, tsofaffin kuma da za su ja su an rarraba su wuri-wuri.

Bugu da ƙari, ɗalibin da malamin zai tarar a aji ɗan Yendi ne ko ɗan Salaga da ya tashi da Dagbanci ko Gonjanci ko Hausa a gida, Turanci a makaranta kawai yake jin sa. Idan malami ya juya baya yana karanto takarda da sauri, yaron sai ya koma haddar abin da bai gane ba.

A nawa ganin, abu huɗu ya kamata hukumomin jami'o'inmu su yi. Na farko, duk sabon malami a haɗa shi da wani gogagge a sashensa, ya shiga ajin babban ya gani, babban ma ya shiga nasa ya gyara masa a asirce. Na biyu, a wajabta masa kwas na dabarun koyarwa kafin a tabbatar da shi a aiki, kamar yadda jami'o'i da yawa a Ingila suka ɗauka bayan rahoton Dearing na 1997. Na uku, a rage masa nauyin darussa a shekarar farko. Na huɗu, a sa iya koyarwa cikin ma'aunin ƙarin girma, domin muddin rubuce-rubucen bincike ne suka fi nauyi a sikeli, malami zai ba aji ragowar lokacinsa ne kawai.

Na san za a ce babu kuɗi, malamai ma ba su isa ba. Gaskiya ne, kuma ba na ɗora wa matasan malaman laifi, don da yawansu suna iya ƙoƙarinsu. Amma babban malami ya zauna a ajin ƙarami sa'a ɗaya a mako ba ya bukatar sabon gini. Asarar da ta fi wannan ita ce yaro ya maimaita darasi, uba ya sake fitar da sidi, a ƙarshe a fito da takarda babu ilimi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, malami ma haka.

Ku kuma iyaye, kuɗinku ne da 'ya'yanku, don haka kuna da bakin magana. Idan yaro ya dawo hutu, kada tambayar ta tsaya a kan ko ya ci jarrabawa, a ce ya bayyana abin da ya koya da harshen gida. Shugabannin kasuwa da sarakunan zango, idan ɗan majalisa ko wani jami'in jami'a ya zo gaisuwa, ku tambaye shi wane tanadi aka yi wa sababbin malamai. Ɗan zangon da ya samu aikin koyarwa kuwa, kada kunya ta hana shi zuwa wurin na gaba da shi ya ce a nuna masa hanya, don matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya sa albarka a kasuwa. Amin.