Leda Ma Tana Cikin Babin Israfi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, idan aka ambaci israfi a wajen wa'azi, hankalin jama'a yakan tafi ne ga bukukuwa: akwatunan lefe, da liƙin kuɗi, da abincin da ake zubarwa bayan walima. Malamanmu sun yi bayani a kan wannan har ya wadatar. To amma akwai wani israfin da ba ya jiran ranar biki, kullum ake yin sa, kuma talaka da mawadaci duk suna da hannu a ciki. Muna nufin leda.

Tun farko mu fayyace cewa ba mu ce leda haramun ce ba, domin ba mu da hurumin haramta abin da Shari'a ba ta haramta ba. Maganarmu a kan yadda ake amfani da ita ne, da kuma cutarwar da take biyo baya. Magidanci zai je cefane ya sayi tumatir a leda, attaruhu a leda, albasa a leda, sannan a haɗa masa su duka a wata ledar ta huɗu. Amfanin da zai yi da su bai wuce na minti goma ba. Amma ita leda, wadda daga man fetur da iskar gas ake yin ta, ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Sai dai ta yi shekaru masu yawa tana ɓarɓashewa a cikin ƙasa. Iyayenmu da kwando da ƙwarya suke zuwa kasuwa, goro kuwa a huhu yake zuwa, kuma idan waɗannan suka tsufa ƙasa ce take cinye su.

Ina ledar take zuwa bayan an yar? Magudanar ruwa take shiga ta toshe. Idan damina ta sauka, ruwan da ya rasa hanya sai ya koma gidajen mutane, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ko kuma ya kwanta ya zama matattarar sauro. Alhali kuwa, bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Mahauta kuma su ne shaida a kan abin da sukan tarar a tumbin shanu da awakin da ke kiwo a bola. Dabba takan rame tana ƙin abinci, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta cushe mata ciki. Wasu sukan ce a tara a ƙona. Wannan hayaƙin fa a ƙirjin yaran unguwa da tsofaffi masu asma yake sauka. Haka nan zuba koko ko miya mai zafi a leda, domin zafi da maiƙo suna taimaka wa sinadaran da ke jikinta su shiga cikin abinci.

Duk ɗalibin da ya karanta babin tsarki ya san cewa an hana biyan buƙata a kan hanya da inuwar da mutane ke zama, an kuma hana bawali a ruwan da ba ya gudana. Illar hanin a fili take, wato cutar da mutane a wurin da suka yi tarayya a cikinsa. To wanda ya juye kwandon shara a kwata da daddare, ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinsa da asuba, da me ya bambanta? Imam Muslim ya ruwaito cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Ya kamata a yi tunanin matsayin mai ɗora shi a kan hanyar.

A nan za a ce mana, to ruwan leda fa, tunda famfo ba ya kawo ruwa? Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kuma nauyin samar da ruwa mai tsafta yana wuyan hukuma. Ba za mu ce wa mutum ya sha gurɓataccen ruwa don gudun leda ba. Sai dai shan ruwan daban, jefar da ledar a ƙofar masallaci daban. (Af, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, ma'aunin da bai kai lita guda ba. Mai buɗe famfo yana hira ya auna kansa da wannan.)

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan da aka gano rawar da ta taka wajen toshe magudanai a lokutan ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya kuma a 2017. Mu kuwa bai dace mu zauna jiran doka a kan abin da addininmu ya riga ya yi mana tarbiyya a kansa ba.

Saboda haka muna kira ga magidanta su tanadi jaka ko kwandon cefane guda, su kuma tura yara sayen abinci da kwano mai murfi. Malaman Islamiyya su shigar da wannan cikin darasin tsarki. Kwamitocin masallatai da 'yan agaji kuma su ajiye buhunan tara leda a wuraren wa'azi da filin Idi, kada a watse sai an tsince wurin, sannan a sa ranar yashe magudanan unguwa tun kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.