A Bar Wa Gidan Ɗan Hausa Filinsa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta unguwar Nasarawa a Kano ba mu taɓa leƙa Gidan Ɗan Hausa ba. Gidan ƙasa ne, ginin gargajiya, inda Hanns Vischer ya zauna. Baturen nan haifaffen Suwizalan ne. Da aikin mishan na CMS ya fara zuwa ƙasar nan, daga baya ya koma aikin gwamnati, a 1906 kuma ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa, a nan Nasarawa, a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko. Duk mai karanta shafin nan yana cin moriyar aikinsa. Yau gidan ya zama wurin adana kayan tarihi.

Amma a kan filin da ke kewaye da gidan muke so mu yi magana. Mun ga yadda ake yi wa filaye a biranenmu. Yau a yanki gefe a kafa shago, gobe a sare itace a zuba siminti, kafin a farga babu inda yaro zai zauna sai bakin titi. Muna roƙon hukuma kada a bar haka ta sami wannan wuri.

Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya san dalili. Ginin tubali da rufin azara yana son sarari. Ruwan da indararo ya zubar dole ya sami inda zai bi ya tafi, in ba haka ba ya kwanta a gindin bango ya cinye shi. Magina ma suna bukatar wurin kwaɓa ƙasa in za a yi yaɓe kafin damina. A matse gidan da gine-gine, an kashe shi ke nan, ko da ba wanda ya ɗora masa gatari.

Ga kuma zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Talaka ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, inuwar itace ce tasa.

Laifinmu shi ne rashin zuwa, domin wurin da ba a zuwa shi ake fara yankawa. Malaman makarantar Lahadi da zumuntar mata, a hutun nan ku kwashi yara ku kai su, ku riƙa musu ruwan sha, ku kuma tsince ledarku kafin ku tashi.