Motar da Ka Saya, Makullinta na Hannun Wani

Cikin wasannin tseren mota na kwamfuta, babu wanda ake yi wa kirari kamar iRacing. Kamfani ne na Amurka da David Kaemmer da John Henry suka kafa a 2004, Henry ɗin nan da kamfaninsa ya mallaki ƙungiyar Liverpool, aka kuma buɗe wasan ga jama'a a 2008. Ana auna filayen tsere na zahiri da hasken leza, har gargada da tudun kwalta su bayyana a wasan yadda suke. Mutum yana zaune a ɗakinsa da sitiyari da birki da totur, yana fafatawa da mutane masu rai daga ƙasashe daban-daban. Ban yi musun ingancinsa ba. Abin da nake musu shi ne a ce ya cancanci kuɗin malamin makaranta a Anka, ko ma'aikacin lafiya a Gummi, ko ɗan kasuwa a Bukkuyum. Bai cancanta ba, ko da mutum yana da halin biya.

Mu fara da lissafi. Kuɗin wata ɗaya kusan dala 13 ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan ya kai wajen naira 20,000, fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kuma kuɗin shiga fili ne kawai. 'Yan motoci da filaye kaɗan ake bayarwa a kansa. Kowace mota ta daban kusan dala 12 ce, fili kuwa yakan kai dala 15. Gasa tana ɗaukar mako 12, kowane mako a wani fili, don haka duk wanda ya wuce matakin sabon shiga dole ya yi ta saye. Ba a sa kuɗin sitiyari ba, wanda ɗaruruwan daloli ne, ba a sa kwamfuta mai ƙarfi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar kalmar saye. Ranar da kuɗin wata ya ƙare, ƙofa ta rufu a kan duk motocin da ka biya. Suna nan da sunanka, amma ba ka tuƙa ko ɗaya sai ka sake biya. A ƙasar da ta san doki, wannan ciniki ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ya sayi doki don hawan Sallah ko sukuwa, dokin yana turke a gidansa. In ya ga dama ya hau, in hannu ya yi ƙunci ya kai shi kasuwa, in ya rasu magada su raba. Motar iRacing ba ka da ikon sayar da ita ga kowa. An karɓi kuɗin doki a hannunka, an kuma ce ka riƙa biyan haya kafin ka taɓa linzami. Kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda aka biya kuɗinsa sau biyu.

Sai sharuɗɗa biyu da wasan ya ɗauka cewa kowa yana da su: wuta da intanet marasa yankewa. Na'urorin da ke ɗauke da tseren suna wurare masu nisa kamar Amurka da Turai, kuma jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya sa motarka ta riƙa ɓacewa tana bayyana a idon abokan karawa. In sabis ya ɗauke ana tsakiyar tsere, sai ka koma ƙarshen layi, makinka ya ragu. Wasan ba ya bambanta direban da ya gaza da wanda wutar kamfanin Kaduna ta ɗauke masa. Mai son kauce wa haka sai ya tayar da janareto da fetur ɗin da aka cire wa tallafi tun 29 ga Mayun 2023, ya sayi datar da hukumar NCC ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Mutanen Zamfara kuwa sun san abin da ya fi ɗaukewar sabis na sa'a guda. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu sauƙi bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wanda ya biya kuɗin shekara a Gummi a lokacin, da kwanakinsa sun yi ta ƙonewa yana kallon sitiyari. Dalilin da ya jawo wancan mataki har yau bai kau ba.

Masu kare wasan suna da hujjoji biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, cewa makaranta ce: William Byron a iRacing ya fara, ya kuma lashe tseren Daytona 500 a 2024, Max Verstappen ma yana yinsa. Gaskiya ne. Amma Byron ya tashi daga kwamfuta ya tarar da filayen tsere a jiharsa, da ƙananan gasa hawa-hawa, da iyaye masu iya ɗaukar nauyi. Wannan tsani babu shi tsakanin Anka da Daki Takwas, kuma ƙwarewa a kwanar filin Monza ba ta koya wa kowa kauce wa ramukan hanyar Gummi ba.

Ta biyu, cewa kuɗin mutum nasa ne, kuma wanda ya wuni yana aiki yana da haƙƙin shaƙatawa. Na yarda ɗari bisa ɗari. A yankin da tafiyar dare ta zama kasada, nishaɗin cikin ɗaki ba abin rainawa ba ne. Shi ya sa ma ya kamata a zaɓi wanda ba za a iya ƙwacewa ba. Assetto Corsa, wanda wani kamfanin Italiya ya fitar a 2014, sau ɗaya ake sayensa, ana kuma iya tuƙa shi ba tare da intanet ba, da irin sitiyarin da iRacing ke buƙata. Ko gidajen gem na garuruwanmu sun fi adalci a ciniki: ka biya wasa ɗaya, ka buga wasa ɗaya, in janareto ya mutu kana ganin wanda za ka yi wa magana.

Mai son tsere ya yi tserensa. Amma kafin ya sa lambar katinsa, ya tambayi kansa abin da zai rage a hannunsa ranar da dala ta sake tashi ko sabis ya sake ɗaukewa. In amsar ita ce sitiyari da ƙura, to ya riƙe kuɗinsa.