Waiwaye: Ranar da na aske fulawar maigida

Ina ɗan shekara 14 aka kai ni wurin kawuna a Akpakpa, gabas da ruwan da ya raba Kwatano biyu. Sunan aikinsa gadi a gidan wani ɗan kasuwa, amma rabin yininsa a lambu yake ƙarewa. Bugambiliya ta lulluɓe katangar gidan, ga kuma bishiyar fulamboyan a bakin ƙofa, wadda 'yan acaɓa masu rawayar riga, da ake kira zemijan, ke fakewa a inuwarta.

Wata safiya a farkon Disamba, hunturu ya fara busowa, Kawu ya haye gada zuwa kasuwar Dantokpa sayen tiyo. Ni kuwa na ga fulawa ta yi buyaya, rassa sun leƙa titi, na ce yau zan nuna ni ma na iya. Na ɗauki adda na bi katanga na yi mata ƙwal-kwabo. Da hannu ya yi zafi, na hau fulamboyan na sare wani reshe mai kaurin cinya, na bar masa dungu kamar kamu ɗaya.

Kawu bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Tsugunawa ya yi ya tsinci wani reshe a ƙasa, ya kawo shi dab da idona. A bakin kowane tsiro akwai 'yan ƙananan ganye da suka fara ja.

"Ɗan nan, me ka gani?"

"Toho ne, Kawu."

"Fure ne. Wata nawa tana shan ruwa tana jiran rani, ka zo ka sare ranar da za ta biya mu."

Sai daga baya na fahimci lissafinsa. Kwatano damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Bugambiliya, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ganye take tarawa da damina, ta yi ado idan ƙasa ta bushe, a kan sabon reshe. Shi ya sa Kawu ba ya aske ta sai launin ya koɗe. Kullum da yamma yakan bi da almakashi yana tsinke abin da ya bushe, don sabon toho ya samu hanya. A shekarar, gidajen maƙwabta suka yi ja da shunayya, katangarmu tana kore har wajen Fabrairu.

Ɓarnar fulamboyan ce ta fi daɗewa. Itace ne mai taushi, daga Madagaska aka yaɗa shi. Idan aka yanke reshe a wuyansa, inda ya ɗan kumbura kusa da jiki, ɓawo yakan taso ya rufe ciwon. Dungun da na bari ba ya rufuwa. Ruwan Yuni ya jiƙa shi, ya ruɓe, gara ta shiga. Kafin in bar gidan, rami ne a wurin, hannuna yana shigewa har gwiwa.

Da na girma na karanta labarin itacen ceri na ado, wanda Japanawa ke kira sakura, sai na yi dariya ni kaɗai. Birnin Tokyo ya ba Washington kyautar itatuwan fiye da 3,000 a 1912, har yau ana tururuwar kallon furensu. Ba za su yi fure a Akpakpa ba, sai sun sha sanyi mai tsanani. Amma masu kula da su a Ingila dokar Kawu suke bi: a bari fure ya zube, a rage rassa lokacin zafi, domin yankan da aka yi cikin sanyi da laima shi ke buɗe wa cuta ƙofa. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan daga kallon katanga.

Abin da ke ba ni takaici yanzu shi ne yadda ake yi wa itatuwan bakin titi, daga Kwatano har Kano. Biki ya matso ko reshe ya taɓa waya, sai a turo yara da adda su bar kututture tsirara. Masu gidaje, in za ku sa a rage muku itace, ku tambayi mai addar wata nawa ya rage ya yi fure, kuma ku tsaya a kansa ya yanke a wuya.